Safar hannun da ba ta da 'yar'uwa

Shekara talatin da 'yan kai ina dukanci a Marwa, ban taɓa zaton za a wayi gari ina ba mutane labarin shagon gwanjo ba. Mu da 'yan gwanjo kishiyoyi ne. Kowane takalmi ya fito daga dila, ɗinki ɗaya ke nan ya tsallake ƙofata. To amma samari uku daban-daban sun tare ni bayan la'asar suna tambayar inda na samo abin nan da jikokina ke cafe ƙwallo da shi a yashin Mayo Kaliyawo, kuma na gaji da maimaitawa. Gara in faɗa sau ɗaya, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Shagon yana cikin babbar kasuwa, layin masu gwanjo. Ba zan kama sunan mai shi ba, saboda akwai inda zan taɓa shi nan gaba. Wurin dai ba ya ɓata: huluna hana-sallah ne rataye a igiya tun daga bakin rumfa har ƙurya, kamar jemagu a bishiya. Faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Bayan huluna akwai rigunan 'yan wasa, takalman guje-guje, jakunkunan 'yan makaranta, sai wani kwali a ƙasa inda yake zuba duk abin da ya fito daga dila bai san sunansa ba. Ya ce mini dilolinsa daga Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundere, daga nan babbar mota ta biyo da su ta Garwa. Saurayi ne, bai kai talatin ba, Hausa da Fulatanci da Faransanci duk suna bakinsa, yana juya su gwargwadon fuskar mai saye.

Jakar makaranta na je saya wa jikana. I, na sani, baduku da sayen jakar gwanjo. Na ɗinka masa ta fatar akuya, jar karan dafi mai kyau, ya dawo yana kuka wai yara na ce masa mai gafaka. Na haƙura. Ina cikin juya jakunkuna sai hancina ya jiyo ƙirgi. Duk wanda ya san gwanjo ya san warin maganin nan da ke bin kayan, amma ƙamshin fatar sa da aka jeme da kyau yana ratsa shi ya fito. Na tsuguna na tona kwalin.

Wata ƙatuwar safar hannu ce, ruwan ƙasa, kowane yatsa kaurin ayaba, tsakanin babban yatsa da manuniya an yi wata saƙa kamar raga. Ta sandare ta lanƙwashe kamar bandar kifi.

"Baba, wannan asara ce," in ji shi. "Ta masu walda ce, 'yar'uwarta ta ɓace a hanya. Taya kawai."

Na ce sefa 1,000, ya ce albarka. Muka daidaita a 2,000, ya ƙara mini da wasu fararen ƙwallaye uku masu jan ɗinki a matsayin gyara. Ya ce yara ba sa saye, sun yi tauri, ba sa tashi in an buga su da ƙasa, wani yaro ya taɓa shurin ɗaya ya kusa rasa farce. Ni fatar kawai na saya. Niyyata in farke ta in yanka maɗauran takalma.

Da dare ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Jami'ar Marwa, ya shigo ya same ni da wuƙa a hannu. Ya ce, "Kawu, tsaya! Wannan ba ta da 'yar'uwa, ita kaɗai ake yin ta." Ya ce ta wasan Amurkawa ce da suke kira besbol. Ya zura mini ita a hannun hagu, ya ja da baya har bakin zaure, ya wurgo ɗaya daga cikin ƙwallayen. Ta shige cikin ragar nan ta zauna da wata ƙara, fak, kamar an mari salka. Ban ji komai a tafina ba.

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne hannun. Mu nan yaro ya miƙo hagu zai karɓi abu, sai an buge hannun. Su kuwa sun gina wasa sukutum a kan karɓa da hagu, don a bar dama ta yi jifa. Bahago ne kawai ake ɗinka wa ta dama. Uwargida da ta ga ina koya wa jikanmu, cewa ta yi, "Malam, shekara shida muna hana shi, rana ɗaya ka rushe."

Wasan kansa, kamar yadda na fahimce shi, ba wuya. Mutum tara kowane ɓangare. Mai jifa yana tsaye kan ɗan tudu, mita 18 da ɗoriya tsakaninsa da mai kulki. Akwai tashoshi huɗu a jere kamar kusurwoyin ɗaki, mita 27 da 'yan kai daga wannan zuwa waccan. Mai kulki ya doka ya ruga, in ya zagaye su ya dawo gida an ci ɗaya, kamar mai zuwa sha a langa. In ya kuskure sau uku ya fita, in an cafe ƙwallonsa tun ba ta taɓa ƙasa ba ya fita. Uku suka fita sai a yi musaya, haka har zagaye tara. Manyan masu jifansu suna haura kilomita 160 a awa. Wanda ya ji wannan ba zai sake tambayar amfanin safar ba.

Amma ni ba wasan ne ya hana ni barci ba a daren nan, ƙwallon ce.

Cikin ukun, ɗaya ta banza ce. Bayanta roba ce mai kwaikwayon fata, da na tsaga ta na tarar da wani dunƙule kamar an matse dusar katako da ƙaro. Wannan na jefa wa yara. Sauran biyun fata ce ta gaske, kuma ɗaya ɗinkinta ya tsinke a gefe, sai na warware shi gaba ɗaya don in ga yadda aka yi. Fata biyu ce tak, kowacce an yanke ta da siffar kalangu, kai biyu da ƙugu a tsakiya. In ka ɗora ɗaya ta rungumi ɗaya a gicciye, sai su rufe dunƙulen ba ko tattara, ba ragowa. Na daɗe ina juya su a hannu. Mu in za mu rufe abu mai kewaye, kamar tandu ko kan sanda, ko dai mu jiƙa fata mu ja ta da ƙarfi, ko mu yi tattara mu ɓoye ta a ƙasa. Wanda ya fara tunanin yankan kalangun nan, ko waye shi, ya san fata.

Na ƙirga ɗinkin ɗayar da ba ta lalace ba, 108, kowanne zare biyu ne suka haɗu kamar sawun tsuntsu. Na sake ƙirgawa don kada ido ya yaudare ni, 108 dai. Ɗan ƙanwata ya duba a wayarsa ya ce haka ƙa'idar take. Ƙarƙashin fatar zare ne aka naɗa tam, ban tona shi ba, amma ya nuna mini hoton wadda aka raba biyu: a can tsakiya ɗan ƙwallon ɓawon itace mara nauyi da aka lulluɓe da roba, sannan zaren ulu rufi-rufi, sannan siririn farin zare. Nauyinta duka tsakanin giram 142 da 149. Farin fatar kuwa ba fenti ba ne. Da alam ake jeme ta, irin wanda muke sa wa ruwa ya kwanta, shi ya sa ba ta yi ja-ja irin jimar bagaruwa da majemanmu ke yi ba. Da fatar doki suke yi, sai a 1974 suka koma ta shanu.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, har yau da hannu ake ɗinka ta. Ƙwallayen babbar gasar Amurka kamfanin Rawlings ne ke yin su a garin Turrialba na ƙasar Kosta Rika, mutum ya zauna da allura biyu da jan zare mai kakin zuma, ya bi huji-huji. An yi ta ƙoƙarin ƙera injin da zai yi aikin, bai yiwu ba. Ni da inji ya kora daga ɗinkin takalmin makaranta, kun san yadda wannan labari zai zauna mini. Na ɗauko basilla biyu ƙanana na ce bari in mayar da tawa. Karon farko fatar ta ƙi haɗuwa, sai da na tuna na jiƙa ta. Karo na biyu na ja gefe ɗaya fiye da ɗaya, ta fito kamar ƙwan agwagwa. Daga azahar har kiran magariba kafin na samu abin da ba zan ji kunyar nunawa ba, kuma har yanzu in ka shafa za ka ji inda na ɓoye bakin zaren. Nasu ba ka ji.

Wani abin kuma: kafin kowane wasa a babbar gasar sai an shafe sababbin ƙwallaye da taɓo don a kashe santsinsu, taɓon kuma daga wani wuri ɗaya ake ɗebo shi a yankin kogin Delaware, jihar New Jersey, masu ɗiba suna ɓoye wurin. Ƙasar da ta kai mutum wata tana da asirin taɓo.

Safar kuma, bayan na wanke ta da tsumma mai ɗan damshi, jan tambarin Rawlings ya fito, a ciki an rubuta an yi ta a Filifin, inci 12. Fatar sa ce mai kauri, ciki an shimfiɗa mai laushi, gindin tafin an cusa masa abin da zai tare duka. Yawancin haɗinta ba zare ba ne, igiyar fata ce aka bi da ita huji-huji ta ɗaure yatsun da juna, ta riƙe ragar. Wannan dabara ce ta mai tunanin gobe, don igiyar ce ke fara mutuwa, kuma ana iya zare ta a sa wata ba tare da an taɓa jikin ba. Haka na yi. Tsufa da zaman dila sun busar da ita, wurare uku ta tsinke da na ja. Na yanko sabuwa daga ƙirgin da nake da shi, na bi sawun tsohuwar. Ragar ce ta ba ni wuya, sai da na zana yadda take a takarda kafin in kwance. An ce wani mai jifa na ƙungiyar St. Louis, Bill Doak, shi ya kai wa kamfanin shawarar sa raga a tsakanin yatsun nan biyu wajen 1920. Kafin nan safar kare hannu kawai take yi, daga nan ta zama tarko.

Ga wanda ya samu irinta: man kaɗanya kaɗan a yatsa, a murza, a bar ta a inuwa. Kada a yi mata wanka da mai, za ta yi nauyi ta saki jiki. Kada a shanya ta a ranar Marwa. A sa ƙwallo a cikinta, a naɗe da robar tayar keke, ta kwana biyu. In hunturu ya shigo a ƙara shafawa, don iskar nan ba ta jin tausayin fata, ta mutum ko ta sa. A bayan babban yatsan tawa safar akwai suna da aka rubuta da baƙin alƙalami, ya dushe, rubutun yaro ne. Ban goge shi ba.

Yanzu huluna, don su ne ainihin kasuwar shagon, kuma a nan matsalar take. Rabin samarin Domayo suna yawo da N da Y a goshi, in ka tambaye su su ce sunan birnin Niyok ne. Alamar ƙungiyar Yankees ce, wadda ta ɗauki kofin gasar sau 27, fiye da kowa. Ita hana-sallar kanta daga wannan wasa ta fito, bakin nan don tare rana ne ga mai neman ƙwallo a sama. A igiyar shagon nan an cakuɗa iri biyu: na dila na gaske, waɗanda wani ya sa ya gaji, da sababbi na jabu da ake shigowa da su a buhu. Duk kuɗinsu ɗaya, sefa 1,500, kuma in ka tambaye shi duk na dila ne. Na saya wa jikana mai N da Y don tana ƙyalli. Ruwan farko da ya taɓa ta bakin ya kumbura ya saɓule, ashe kwali ne a ciki. Na mayar, ya ce, "Baba, ruwa ne ya ɓata ta, ba ni ba." Bai canza ba, bai rage ko dala ba. Laifina ne rabi, ni da ke duba ɗinkin mutane na bar ƙyalli ya ruɗe ni. Araha ba ta ado, amma nan ba ma arahar aka yi mini ba.

In za ku saya, ku juya cikinta. Ta gaske yanki shida ce, kowane haɗi an rufe shi da ƙyalle a miƙe, surfanin harafin yana da tudu kuma bayansa ba tarkacen zare. Ku lanƙwasa bakin a hankali, na gaske yana dawowa, na kwali yana karaya. Wadda kuka ga tabon gumi a zagayenta ta fi mai ƙyalli sau goma. Omo da ruwan ɗumi suna fitar da gumin wani.

Ɗan ƙanwata ya sa mai tura finafinai ya zuba mini guda biyu a waya, da muryar Faransanci, yana zaune yana cike mini inda na ɓace. Ɗaya, Moneyball na 2011, surutun ofis ya yi masa yawa, na yi gyangyaɗi. Abin da na tsinta dai shi ne ƙungiyar Oakland ba ta da kuɗi a 2002, sai ta riƙa tsintar 'yan wasan da kasuwa ta raina, har ta ci wasa 20 a jere. Na ce wannan ai tonon kwalin gwanjo ne.

Na biyun, mai suna 42, shi na kalla sau biyu. Labarin Jackie Robinson ne, baƙar fatar da ya shiga fili da rigar Dodgers ta Buruklin ranar 15 ga Afrilu 1947, bayan shekaru kusan sittin babbar gasar ba ta ɗaukar baƙi. Shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, ya ɗauke shi da sharaɗin duk zagin da za a yi masa ba zai rama ba. Chadwick Boseman ne ya fito a matsayinsa, wanda yara suka sani a Black Panther, ya mutu a 2020. Fim ɗin ya cika kiɗa mai taɓa zuciya, kamar ba su yarda za ka ji zafin abin da kanka ba. Amma akwai wurin da kocin wata ƙungiya ya tsaya yana zuba masa ashar a gaban jama'a, shi kuwa yana riƙe da kulki a hannu bai juya ba, wannan wurin ba ya bukatar kiɗa. Mutum da makami a hannu, an zagi iyayensa, ya haɗiye. A 1997 aka janye lamba 42 daga dukan ƙungiyoyin gasar, ba mai sake ɗaukarta, sai ranar 15 ga Afrilu kowace shekara kowa ya sa ta. Ni kuma, da yake ido yana bin sana'a, safar hannunsu nake ta kallo: ƙanana, shimfiɗaɗɗu, ba su kai tawa zurfi ba.

Akwai abin da fim ɗin bai tsaya a kai ba, shi ya fi tsaya mini. Kafin Robinson baƙaƙe suna da gasarsu, tun 1920 da Rube Foster ya kafa ta, da ƙungiyoyinsu da masu su da 'yan kallonsu. Shi kansa Robinson ya buga wa Monarchs ta Kansas City a 1945. Da ƙofa ta buɗe, manyan ƙungiyoyi suka kwashe gwanayen, 'yan kallo suka bi su, gasar baƙaƙen ta mutu a tsaye cikin 'yan shekaru. Ba na cewa da an bar ƙofar a rufe, haram. Amma na san zaman mutumin da abin alheri ya zo gari ya rufe masa rumfa. Jikana ya samu jaka mai zif da araha, layinmu na dukawa kuwa tun 2013, da aka sace Faransawan nan kusa da Waza masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, muke ƙirga waɗanda suka koma acaba. Sai a 2024 aka haɗa alƙaluman waccan gasa da na babbar, aka wayi gari Josh Gibson, wanda ya mutu a farkon 1947 bai taɓa taka babbar gasar ba, shi ne kan gaba a tarihi wajen yawan dacewa da duka. Ɗan nahiyarmu kuwa sai a 2017 ya fara bugawa a can, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, a ƙungiyar Pirates.

Bayan fim ɗin na tuna na ga wata shuɗiyar hula mai farin B, irin ta su Robinson, a ƙuryar igiyar. Na koma. Ba ta 1947 ba ce, sabon yi ne na tunawa, amma ta dila ce ta gaske. A nan na yi wauta. Maimakon in ɗauka in miƙa 1,500 in wuce, sai na zauna a bencinsa na ba shi labarin Robinson, da ɗinki 108, da cewa safar nan ba ta masu walda ba ce. Ya saurara da kyau, har da "Allah, Baba?" Da na ce nawa hular, ya ce 4,000. Baki shi ke yanka wuya. Da ƙyar na raba shi da ita a 2,500. Uwargida ta dube ni ta ce, "Da furfurarka?" A rumfa kawai nake sa ta, in rana ta juyo, kuma ina cire ta kafin alwala.

Ba mugun yaro ba ne. Yana da fara'a, yana barin mutum ya tona kaya awa guda bai ɓata rai ba, ya taɓa aika yaro ya sayo mini ruwan sanyi. Jakar makarantar da na saya 3,000 tana nan da ranta, zif ɗinta bai ko cije ba. Amma kuɗin kayansa yana hawa da sauka da hasken idon mai saye, abin da ya fita ba ya dawowa, kuma zaɓin farko na dila ba ya kai wa igiya, abokansa masu talla ne ke kwashewa tun da sassafe. Mai son na kirki ya je da wuri ranar da aka fasa dila, ya fara da kwalin ƙasa, ya kuma ɗaure fuska.

Kulki ne har yau bai fito ba. Yaran suna amfani da ƙotar fartanya da na fere musu, tashoshinsu kuma tsofaffin silifa huɗu a yashin mayo, safa ɗaya suna karɓa-karɓa, sauran da hannu tsirara da ƙwallon robar nan. Shekaranjiya mai shagon ya kira ni a waya. Wata safar ta fito, baƙa, ya ce ta fi tawa girma kuma zagayayya ce, yatsunta a haɗe. Daga kwatancensa ta mai tsugunawa bayan mai kulki ce, wanda ke tare jifan kai tsaye. Ya ce sefa 12,000, kuma ya duba a intanet, kada in ce masa ta masu walda ce. Litinin zan je in gani, da basillata a aljihu, don in nuna masa duk inda igiyar ta mutu kafin mu fara magana.